Hudson Taylor: Bawan Allah Da Ya Sha Fama Da Bushewar Zuciya

'Yan'uwa cikin Ubangiji, akwai wani ciwo wanda ba a cika kawo shi wurin addu'ar safiya ko taron tsakiyar mako ba. Mutum yakan miƙe ya roƙi addu'a domin zazzaɓin ɗansa, ko kuɗin makaranta, ko neman aiki. Amma da wuya mu ji dattijon ikkilisiya, ko shugabar zumuntar mata, ko malamin makarantar Lahadi ya tashi ya faɗa cewa zuciyarsa ta bushe, ba ya jin daɗin addu'a kamar dā, zunubin da ya tuba da shi bara har yanzu yana biye da shi. Kunya takan rufe baki. Ga shi kuwa da yawa daga cikinmu muna ɗauke da wannan ciwo. Muna zuwa sujada, muna ba da baiko, muna rera waƙa, amma shekara da shekaru muna tsaye wuri ɗaya kamar ruwan kududdufi.

Saboda haka ne muka zaɓi mu kawo maku tarihin James Hudson Taylor, Baturen Ingila wanda ya ba da fiye da shekara 50 na rayuwarsa domin kai bishara ƙasar Sin. An san shi gwarzo ne na bangaskiya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, bayan ya yi shekara 16 cikin aikin mishan, yana shugabantar ma'aikata masu yawa, ya kai ga kusan fid da zuciya saboda halin da ya ga ransa yake ciki. Ba sau ɗaya ya maƙale a hanya ba, kuma yadda Ubangiji ya fid da shi kowane lokaci yana da abin koyo a gare mu.

Ƙuruciyarsa Da Tubarsa

An haifi Hudson Taylor ran 21 ga watan Mayu, 1832, a garin Barnsley da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa, James Taylor, mai haɗa magunguna ne yana sayarwa, yana kuma yin wa'azi a ikkilisiyar Metodis. Mahaifiyarsa Amelia mace ce mai naciya cikin addu'a. A gidan ana karanta Littafi Mai Tsarki kullum, ana kuma yawan zancen ƙasar Sin, inda miliyoyin mutane ba su taɓa jin sunan Yesu ba.

Duk da wannan tarbiyya, da yaron ya kai shekara 15 ya shiga aiki a wani banki, sai ya haɗu da abokan da ke yi wa addini ba'a, ya fara shakkar abin da aka koya masa a gida. Ciwon ido ya sa ya bar bankin ya koma taimakon mahaifinsa a kanti, amma zuciyarsa ba ta komo ba. Ƙanwarsa, ita ma sunanta Amelia, ta ɗaura niyya za ta riƙa yi masa addu'a sau uku kowace rana har sai ya tuba.

Wata rana a cikin 1849, yana da shekara 17, ya ɗauki wata ƙaramar takardar bishara don ya rage lokaci, da nufin ya karanta labarin da ke ciki ya tsallake wa'azin. A ciki ya ci karo da zancen aikin ceto wanda Almasihu ya riga ya gama a kan gicciye. Nan ya gane cewa idan an riga an biya bashin duka, abin da ya rage masa shi ne ya karɓa da godiya. Ya durƙusa ya ba da ransa. A wannan yini mahaifiyarsa tana wani gari mai nisa wurin ziyara, ta kulle kanta a ɗaki tana yi masa addu'a, ba ta fito ba sai da ta sami tabbaci a zuciyarta cewa Allah ya amsa.

Murnar farko ba ta daɗe ba. Bayan 'yan watanni sai ya ga addu'a ta zama masa nauyi, karatun Maganar Allah ya zama kamar tauna ƙaiƙayi, tsofaffin halaye suna komowa. A watan Disamba na wannan shekara ya keɓe kansa ya yi kuka ga Allah, ya yi alkawari cewa idan Ubangiji ya karya ikon zunubi a kansa, zai tafi duk inda aka aike shi, ya yi duk abin da aka umurce shi. Ya tashi daga wurin da tabbaci cewa ƙasar Sin ce aka kira shi zuwa.

Sule Biyu Da Sisi

Domin shirin tafiya, a 1851 ya koma garin Hull ya zama mataimakin wani likita mai suna Robert Hardey. Ya kama ɗaki a unguwar talakawa, ya rage cin abinci mai daɗi, yana ba da abin da ya rage daga albashinsa ga mabukata. Ya yi tunani cewa a ƙasar Sin ba zai sami wanda zai roƙa ba sai Allah, don haka ya kamata ya koyi wannan tun yana gida. Likitan mutumin kirki ne amma mai mantuwa, ya kuma ce wa Taylor ya riƙa tuna masa in lokacin albashi ya yi. Taylor ya ƙudura ba zai tuna masa ba, sai dai ya gaya wa Allah.

Ana nan albashi ya makara, har ya zamana abin da ke aljihunsa duka sule biyu da sisi ne, su ma a dunƙule cikin tsaba ɗaya. Wata Lahadi da dare wani matalauci ya zo ya roƙe shi ya je ya yi wa matarsa addu'a, gama tana bakin mutuwa. Da ya shiga ɗakin ya tarar da yara da yunwa ta rame da su, ga uwar kwance da jariri a gefenta. Ya fara yi masu maganar Uba mai ƙauna da ke sama, sai maganar ta tsaya masa a wuya. Ya durƙusa zai yi addu'a, lamirinsa ya hana shi sakat, domin yana kiran Allah Uba alhali ya ƙanƙame kuɗin da zai ceci wannan gida. Ya yi ta cewa a ransa da a ce kuɗin a warwatse suke da ya ba da rabi. Daga ƙarshe ya ciro tsabar ya miƙa wa mutumin, ya koma gida aljihu wayam amma zuciya cike da murna. Matar ta rayu. Kashegari da safe aka kawo masa wasiƙa ba sunan mai aikowa, a ciki akwai sule goma.

Kada mu ɗauki wannan labari kamar dabarar kasuwanci, wato a ba Allah biyu da sisi a karɓi goma. Abin lura shi ne abin da ya toshe bakinsa wurin addu'a. Ya san abin da Ubangiji yake so ya yi, yana jan ƙafa, kuma muddin yana jan ƙafa addu'arsa ba ta da rai. Da yawa daga cikin bushewar da muke kuka da ita daga nan take fitowa. Akwai bashin da muka ƙi biya, ko ɗan'uwan da muka ƙi gafarta wa, ko wata hulɗa da muka san ya kamata mu yanke.

Shekarun Farko A Ƙasar Sin

Bayan ya ɗan yi karatun likita a Landan, ya tashi daga tashar jiragen ruwa ta Libaful ran 19 ga Satumba, 1853, ƙarƙashin wata ƙungiyar bishara ta Ingila. Ya yi fiye da wata biyar a teku, ya sauka Shangai ran 1 ga Maris, 1854, yana da shekara 21. Ya tarar da yaƙin basasa a ƙasar, 'yan tawaye suna riƙe da birnin. A wancan lokaci garuruwa biyar ne kawai na bakin teku aka yarda baƙi su zauna, wannan ma bayan yaƙin da Ingila ta yi da Sin daga 1839 zuwa 1842 a kan cinikin ƙwayar maye da ake kira ofiyam. Saboda haka mutanen ƙasar ba su kallon Bature da idon rahama.

Taylor ya lura cewa in ya tsaya wa'azi, jama'a kwat ɗinsa da maɓallansa suke kallo, ba sa jin abin da yake faɗa. A 1855 ya aske gaban kansa, ya rina gashinsa baƙi, ya sa dogon tukku a baya kamar mazan Sin na wancan zamani, ya shiga tufafinsu. Turawa 'yan'uwansa suka yi masa dariya, waɗansu suka ce ya zubar da mutuncin farar fata, amma ƙofofin gidaje suka fara buɗe masa. A 1857 ya rabu da ƙungiyar da ta aiko shi, domin ya gane da kuɗin rance take biyan ma'aikatanta, shi kuwa ya gaskata Maganar Allah ta hana cin bashi.

A garin Ningbo ya haɗu da Maria Dyer, marainiya 'yar wani ɗan mishan, tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Shugabar makarantar ta yi tsayin daka don ta hana auren, tana ganin Taylor talaka ne marar gata, amma aka ɗaura shi ran 20 ga Janairu, 1858. A 1859 ya karɓi riƙon asibitin mishan na Ningbo. Aiki ya yi masa yawa, jikinsa ya gaza, dole a 1860 ya komo Ingila, likitoci kuma suka ce kada ya yi tunanin komawa da wuri.

Ranar Lahadi A Bakin Teku

Ya yi fiye da shekara biyar a wata unguwar talakawa a gabashin Landan. Ya ƙarasa karatun likitansa a 1862, yana kuma aikin gyara fassarar Sabon Alkawari cikin harshen mutanen Ningbo. A idon mutane an manta da shi. A jikin bangon ɗakinsa akwai babbar taswirar ƙasar Sin, kullum yana dubanta. Daga cikin larduna 18 na ƙasar, 11 na can ciki ba su da ko mai wa'azin bishara ɗaya. Bisa lissafinsa, kowane wata mutum wajen miliyan ɗaya ne ke mutuwa a can ba su ji labarin Mai Ceto ba. Ya zaga manyan ƙungiyoyin mishan yana roƙo su aika da ma'aikata, suka ce ba kuɗi, hanya kuma ba ta buɗe ba.

Sannu a hankali ya gane cewa shi ne Ubangiji yake kira ya kafa sabuwar ƙungiya. Nan tsoro ya kama shi. Bai yi shakka Allah zai ba da ma'aikata in aka roƙa ba. Abin da ya firgita shi shi ne, in samari da 'yan mata suka bi shi zuwa cikin ƙasar, yunwa ko ciwo ko tarzoma ta cinye su, jininsu yana wuyansa. Saboda haka ya ƙi roƙon. Watanni ya yi cikin wannan hali, barci ya ƙaurace masa, jikinsa ya soma lalacewa, bai kuwa buɗe cikinsa ga kowa ba.

Wani abokinsa ya gayyace shi hutu a garin Brighton da ke bakin teku. Ran Lahadi 25 ga Yuni, 1865, ya shiga majami'a ya ga taron masu bi wajen dubu suna murna da cetonsu, ya tuna da waɗanda ke can cikin duhu, ya kasa zama. Ya fita shi kaɗai yana tafiya a kan yashi cikin azabar zuciya. A nan ne haske ya zo masa cewa idan bawa ya yi abin da ubangidansa ya umurta, nauyin abin da zai biyo baya yana kan ubangidan. Ya miƙa wuya. Nan take ya roƙi Allah ma'aikata 24, biyu domin kowane lardi cikin 11 ɗin nan, biyu kuma domin Mongoliya, ya rubuta roƙon a gefen shafin Littafinsa Mai Tsarki. Bayan kwana biyu ya buɗe ajiya a banki da fam 10 da sunan China Inland Mission, wato mishan ta cikin ƙasar Sin.

Ƙa'idodin ƙungiyar sun ba mutane mamaki. Ba za a ci bashi ba, ba za a roƙi kowa kuɗi ba, ba a yi wa ma'aikaci alkawarin albashi. Za a karɓi masu bi daga kowace ɗarika, har da maƙera da kafintoci da mata marasa aure, in dai suna da kira. Kowa zai sa tufafin mutanen ƙasar, shugabanci kuma zai kasance a bakin aiki a can Sin. Ran 26 ga Mayu, 1866, Taylor da Maria da 'ya'yansu huɗu da ma'aikata 16 suka shiga jirgin ruwa mai suna Lammermuir. Guguwar teku ta buge su sau biyu har jirgin ya kusa nutsewa, amma suka isa Shangai a ƙarshen Satumba.

Shugaba Mai Nauyin Zuciya

Mai karatu zai zaci daga nan sai nasara. Ba haka ya zama ba. Sun kafa zango a birnin Hangzhou, aiki ya fara ci gaba, sai tsegumi ya shiga tsakanin ma'aikata. Ɗaya daga cikinsu ya ƙi sa tufafin Sin, ya riƙa aika ƙarairayi a kan Taylor zuwa Ingila, har dole aka sallame shi. A watan Agusta 1867 babbar 'yarsa Grace ta rasu tana da shekara takwas. A watan Agusta 1868 kuma, a birnin Yangzhou, aka baza jita-jita cewa baƙin suna satar yara suna ƙwaƙule idanunsu don yin magani. Dubban mutane suka auka wa gidan mishan suka sa wuta. Maria, tana da ciki, sai da ta diro daga bene don ta tsira. Ba wanda ya mutu, amma da hukumomin Ingila suka turo jiragen yaƙi domin nuna ƙarfi, jaridun Landan suka ɗora wa Taylor laifi, aka yi ta muhawara a kansa har a majalisar dokoki a 1869. Masu ba da taimako da yawa suka janye hannu. George Müller, mai gidan marayu na garin Bristol, yana cikin waɗanda suka tsaya da shi, har ya ƙara abin da yake aikowa.

Duk wannan bai kai nauyin abin da ke cikin zuciyarsa ba. Ga zafin ƙasar, ga rashin lafiya, ga tulin wasiƙu da matsalolin ma'aikata, sai ya ga ya zama mai saurin fushi, yana faɗin magana mai zafi ga waɗanda yake ƙauna. Kowace safiya yakan ƙudura ba zai ɗauke hankalinsa daga Yesu ba ko na ɗan lokaci, kafin rana ta faɗi ya sāke fāɗuwa. Ya ƙara addu'a, ya yi azumi, ya ƙara lokacin karatun Littafi, ya yi alkawarai sababbi, duk a banza. Ya san dukan ikon da yake bukata yana cikin Almasihu, amma bai san yadda zai ɗebo shi ba. Ya ce a ransa bangaskiya ce hanya, sai ya shiga ƙoƙarin ƙago bangaskiya da ƙarfin kansa, ita ma ta ƙi samuwa. Ga mutum yana koya wa waɗansu hanyar rai, shi kuwa yana ganin kansa yana ja da baya. Wanda ya taɓa hawa bagade da irin wannan zuciya ya san zafinta.

Wasiƙar Da Ta Kawo Hutu

Ran Asabar 4 ga Satumba, 1869, yana garin Zhenjiang, ya buɗe wasiƙa daga wani ma'aikacinsa mai suna John McCarthy, wanda shi ma ya sha irin wannan fama. McCarthy ya bayyana abin da Ubangiji ya koya masa, cewa bangaskiya ba ta ƙaruwa ta wurin kokawar neman bangaskiya. Tana ƙaruwa ne sa'ad da mutum ya ɗauke ido daga kansa ya jingina ga Mai Aminci. Taylor yana karantawa sai abin ya buɗe masa. Ya tuna da koyarwar Timoti ta Biyu sura 2 cewa rashin amincinmu ba ya sāke amincin Almasihu. Ya koma kan Yohanna sura 15, inda Ubangiji ya kwatanta kansa da itacen inabi, masu bi kuma rassansa.

Kowane manomi zai gane wannan misali. Reshen mangwaro ba ya yin gumi domin ya jawo ruwa daga saiwa, ba ya kuma roƙo a mai da shi reshe, gama reshe ne tun dā. Abin da ke gare shi shi ne ya zauna a manne, ruwan itacen ya bi ta cikinsa, 'ya'ya su fito a lokacinsu. Taylor ya gane cewa shekara da shekaru yana roƙon abin da an riga an ba shi. Tun ranar da ya ba da gaskiya yana haɗe da Almasihu, Almasihu kuwa ya yi alkawari ba zai rabu da shi ba. A watan Oktoba ya rubuta wa ƙanwarsa Amelia doguwar wasiƙa yana ba ta labarin hutun da ya samu. Bai ce ya zama marar zunubi ba. Ya ce dai in ya yi tuntuɓe yanzu yakan furta nan da nan ya karɓi gafara, ba ya kwana cikin duhu. Abokan aikinsa sun shaida cewa mutumin ya sāke, fushi da damuwa sun ragu, ya zama mai sauƙin zama da shi.

Bai rage addu'a ba bayan wannan. Waɗanda suka yi tafiya tare da shi sun ba da labari cewa ko a masauƙin da ya cika da hayaniya, can tsakar dare sukan ji ƙarar ashana, su ga hasken kyandir, Taylor ya tashi karatun Littafi da addu'a kafin gari ya waye. Abin da ya sāke shi ne dalilin addu'ar. Dā yana yinta kamar mai biyan haraji domin Allah ya karɓe shi, yanzu kuwa kamar ɗa da ke zuwa wurin ubansa.

Gwajin Wuta

Shekarar da ta biyo baya ta gwada ko abin da ya samu na gaskiya ne. A watan Fabrairu 1870 ɗansa Samuel mai shekara biyar ya rasu. Aka aika da manyan yaran Ingila saboda lafiyarsu. A watan Yuni aka yi wa baƙi kisan gilla a birnin Tianjin, dukan tashoshin mishan suka shiga fargaba. A watan Yuli Maria ta kamu da ciwon amai da gudawa tana da tsohon ciki. Ta haifi ɗa aka sa masa suna Noel, ya yi kwana 13 ya koma. Bayan kwana uku, ran 23 ga Yuli, Maria ta bi shi, tana da shekara 33.

Taylor ya yi kuka, ya yi kewa mai tsanani, shi kansa ya kwanta ciwo. Amma bai koma cikin ramin da ya fito ba. Cikin kaɗaicinsa ya riƙe gayyatar da Yesu ya yi wa masu jin ƙishirwa a Yohanna sura 7, yana komawa wurinsa sau da yawa a yini ɗaya, dare da rana, duk lokacin da ƙishin zuciya ya taso. Wannan ya kamata ya zama gargaɗi ga masu koya mana cewa wanda ya yi addu'a daidai ba zai ga wahala ba. Ga mutumin da ya yi biyayya, ya kuma binne mata da 'ya'ya a baƙuwar ƙasa. Abin da bangaskiya ta ba shi shi ne wurin tsayawa a tsakiyar wahalar.

Sauran Kwanakinsa

A 1871 ya auri Jennie Faulding, ɗaya daga cikin waɗanda suka zo a jirgin Lammermuir. A 1874 ya fāɗi a cikin wani jirgin kogi ya bugu a ƙashin baya, ya yi watanni kwance a Landan ba ya iya tashi. Daga kan gadon nan, da taswirar Sin a gabansa, ya nemi masu bi su roƙi Allah ma'aikata 18 domin larduna tara da har lokacin bishara ba ta shiga ba. Aka same su, a 1876 kuma aka yi wata yarjejeniya tsakanin Ingila da Sin wadda ta sauƙaƙa wa baƙi tafiya cikin ƙasar. A 1881 suka roƙi 70, aka ba su fiye da haka cikin shekara uku. Suka roƙi 100 domin shekarar 1887, mutum 102 suka tafi.

A 1900 tawayen 'yan Boksa ya tashi domin korar baƙi da hallaka masu bi. Aka kashe dubban Kiristocin Sin, ƙungiyar Taylor kuma ta rasa ma'aikata 58 da yara 21. Abin da ya ji tsoro a 1865 ya auku. Labarin ya same shi yana jinya a Suwizalan, tsoho marar ƙarfi. Ya gaya wa na kusa da shi cewa ya kai inda ba ya iya karatu, ba ya iya tunani, ko addu'a ma ba ya iyawa, amma yana iya dogara. Da ƙasashen Turai suka tilasta wa Sin biyan diyya, ƙungiyar ta ƙi karɓar ko anini domin rayuka da dukiyar da ta rasa, don ta nuna wa mutanen Sin tawali'un Almasihu.

Jennie ta rasu a 1904. Taylor ya koma Sin tafiyarsa ta ƙarshe, ya rasu ran 3 ga Yuni, 1905, a Changsha, babban birnin lardin Hunan wanda ya daɗe yana rufe ƙofarsa ga bishara. Yana da shekara 73. Aka binne shi a Zhenjiang kusa da Maria. A lokacin ƙungiyar tana da ma'aikata fiye da 800. Bayan 'yan kwaminis sun karɓi mulki a 1949, 'yan mishan suka fita daga ƙasar a farkon shekarun 1950, ƙungiyar ta ci gaba da aiki a sauran ƙasashen gabashin Asiya, ana kiranta OMF International yanzu. Ikkilisiyar Sin kuwa ba ta mutu ba, masu bi a can sun kai miliyoyi masu yawa.

Mu ma a nan mun ci amfanin biyayyarsa. SIM, wadda ma'aikatanta na farko suka sauka Legas a 1893, da SUM, wadda ta kafa zangonta na farko a Wase a 1904, sun bi sawun ƙungiyarsa wajen haɗa masu bi na ɗariku dabam dabam da nufar cikin ƙasa inda bishara ba ta kai ba. Lucy Guinness, matar Karl Kumm wanda ya kafa SUM, 'yar'uwar Geraldine ce, matar Howard ɗan Hudson Taylor.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ƙaunatattu, bushewar zuciya ba iri ɗaya ba ce, maganinta ma haka. A Hull da Brighton, abin da ya tsai da Taylor shi ne umurnin da ya sani yana kuma gudunsa. Irin wannan ba ya jin azumi ko kwanan addu'a, sai an tashi an yi abin da Ubangiji ya ce. A Zhenjiang kuwa yana cikin biyayya, amma ya ɗora wa kansa kayan da Almasihu ne kaɗai zai iya ɗauka. Mai irin wannan ciwo in aka ce masa ya ƙara ƙoƙari an ƙara masa ciwo ne. Bukatarsa ita ce a nuna masa amincin Mai Ceto har ya huta a kai. Ya kamata kowannenmu ya zauna gaban Allah ya bincika wanne ne nasa, fastoci da dattawa kuma su bambanta su kafin su ba da shawara.

Mu lura kuma da hanyar da taimako ya bi ya zo. Addu'ar uwa da ƙanwa ce ta kawo shi ga tuba, wasiƙar wanda yake ƙarƙashinsa ce ta kawo shi ga hutu. Da McCarthy ya ɓoye famarsa saboda kunya, ko da Taylor ya ce shugaba ba ya koyo daga yaronsa, da labarin ya zama dabam. Saboda haka kada mu rufe cikinmu. Mu nemi amintaccen ɗan'uwa ko 'yar'uwa mu faɗi gaskiyar halin da muke ciki, mu yi addu'a tare. A wannan mako muna roƙon kowane gida ya karanta Yohanna sura 15 a lokacin addu'ar iyali, a hankali, ana tambayar juna abin da zama cikin Almasihu yake nufi a gona da kasuwa da ofis.

Ubangiji wanda ya riƙe bawansa Hudson Taylor har ƙarshe, shi ya rayar da zukatanmu da suka yi sanyi, ya ba mu alherin yin biyayya da abin da muka riga muka sani. Amin.